Zanen da Ya Ƙi Haɗuwa a Ƙeya

Jiya, tsakanin azahar da la'asar, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ba ma barcin kirki ba ne. Dambu na ci na ƙoshi, na kifa kaina a kan tebur kusa da kwamfuta da niyyar minti biyar, shi ke nan aka yi gaba da ni.

Amma sai na fara faɗin abin da na kwanta da shi a rai, in ba haka ba za a ɗauka dambun ne kawai. Sunana Tasi'u, ina koyar da rubuta manhajar kwamfuta a wata kwaleji a nan Haɗejiya. Mahaifina, Malam Ɗayyabu, mai zanen hula ne. Shekara arba'in da 'yan kai yana zaune a zauren gidanmu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan katako, ya ja zane da biro, a kai wa mata cikin gida su bi da zare da allura. Hula zagayayyiya ce, saboda haka zanen da ya tashi daga goshi dole ya bi ta kunnuwa ya je ya gamu da kansa a ƙeya. A nan ake gane gwani. Hular Baba ko sau goma ka juya ta a hannu, ba za ka nuna inda zanen ya fara da inda ya ƙare ba.

Wata takwas da suka wuce na ɗauki alkawarin zan zuba masa zanukansa a kwamfuta. Irin manhajar nan nake ginawa da ake raba allo gida biyu, hagu rubutu da lambobi, dama hula tana juyawa a hankali. In ka mai da takwas tara, tun yatsanka bai bar madanni ba furen da ke jikin hular ya ƙara kunne ɗaya. Babu dannawa a zauna jira, babu zuwa shan shayi a dawo a tarar da kuskure. Ɗalibaina har rububin irinta suke yi. Sai dai abu ɗaya ya tsaya min a wuya: zanen ba ya haɗuwa a ƙeya. Duk lissafin da na yi sai ya bar wata 'yar ɓaraka, faɗin ɗan yatsa, tana kallona. In ɗauki wannan in kai gaban Malam Ɗayyabu? Ai gara in shiga aji da singileti.

Shi kuma idonsa tafiya yake yi. Hawan jinin ido ne, in ji likitan da muka gani a Kano. Na hagu ya riga ya rufe, na dama yana tsukewa daga gefe-gefe. Ranar da muka je, likitan ya ja ni waje ya ce, in akwai abin da kuke so ya gani, ku nuna masa. Na ce to. Tun daga ranar, kowace safiya in na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Tasi'u, yaushe zan ga abin nan naka?" Ni kuma in ce, "Saura kaɗan, Baba." Sai ya ce Allah ya taimaka, ya ci gaba da jan carbinsa.

To, da wannan na kifa kai.

Sai ga ni a ƙofar wani gari, rungume da kwamfutata, an naɗe ta cikin ƙyalle kamar ƙunshin goro. Ƙofar ba ta da katanga hagu ko dama, fili ne fetal, amma kowa ta cikinta yake bi, kuma a layi. Da layi ya zo kaina na tarar da wani jan ƙadangare zaune a bayan tebur, da alli a hannunsa da ɗan baƙin allo a gabansa.

"Suna?" in ji shi.

"Tasi'u."

"Tsawo?"

Ni gajere ne, kowa ya sani, amma a baƙon gari wa ya san ni? Na ce, "Ƙafa shida, ranka ya daɗe."

Ya rubuta shida. A take kaina ya bugi saman ƙofar, wandona ya koma gwiwa, na hango rufin gidajen garin gaba ɗaya. Ƙadangaren ya gyaɗa kai sau uku.

"A bar maka, ko a gyara?"

"A gyara, don Allah."

Ya goge da wutsiya ya rubuta gaskiya, na sauko na daidaita da wandona. Ya ce, "A garin nan abin da aka rubuta shi ake gani, kuma nan take. Da muna da ofishin jira, amma ba a samu wanda zai jira a buɗe shi ba, sai muka mai da shi shagon aski. Me ka rufe a ƙyalle?"

"Aiki ne. Ban gama ba."

"Ban tambaye ka ko ka gama ba," in ji shi. Ya kira na bayana.

Garin titi ɗaya ne, miƙaƙƙe. Hannun hagu doguwar katanga ce baƙa wuluk, mutane jere a gabanta kowa da allinsa. Hannun dama kuma gidaje ne da bishiyoyi da kasuwa. Abin da aka rubuta a hagu shi ke tsaye a dama. Na ga wata mata mai shanya barkono ta ƙara wa rana lamba, rana ta matso har na ji ƙeyata na suya. Wani wanzami da ke gefenta, da mutum uku zaune suna gumi a kan bencinsa, ya miƙa hannu ya rage. Ta ƙara, ya rage. Rana na ta kai da kawowa a sama, su kuwa suna ta hirar tsadar albasa, ba wanda ya ɗaga murya.

Gaba kaɗan wani magini na gina gidansa alhali iyalinsa na ciki. Ba rufi, bango ɗaya ma bai kai ƙugu ba, amma matarsa ta ɗora tukunya. Ta leƙo ta ce, "Malam, tagar nan ta yi ƙasa, tunkiyar maƙwabta na leƙa min miya." Bai ko juyo ba, ya goge lamba ɗaya, taga ta hau sama da taku biyu, tunkiyar ta bi ta da kallo.

Maƙwabcinsa kuwa gidan nasa ya ɓace ɗungurungum. Babu komai a filin sai wani jan layi a tsaye cikin iska, shi kuma yana zaune a ƙarƙashinsa yana shan shayi, ko a jikinsa. Na yi masa sallama, na ce Allah ya kiyaye gaba.

"Layi na goma sha huɗu ne," in ji shi, kamar mai ba da labarin zazzaɓin yaro.

Mutane suka zo suka tsaya a bayansa suna karanta katangarsa. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta nuna da tsinke ta ce, "Ga shi nan, ka buɗe ba ka rufe ba." Ya ce kai, haka ne fa, ya ƙara ɗan ƙaramin zane ɗaya. Gidan ya dawo da kajinsa da randarsa da surukarsa, tana ci gaba da maganar da take yi daga daidai inda ta tsaya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ban ga mai jin kunya ba. Kowa aikinsa rabi-rabi ne, kowa kuskurensa a bainar jama'a yake, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ya tsoma baki. Ni kaɗai ne a garin ke yawo da abu a rufe. Na lura mutane suna kauce min a hanya, cikin ladabi, yadda ake kauce wa mai ɗauke da mara lafiya.

Sai kuma ga ni zaune a kan tabarma ƙarƙashin wata darbejiya, a cikin aji. Malamar zabuwa ce, da tabarau a ƙarshen baki. Ɗalibanta su ne wani mai faci, wata ungozoma, da tukwane uku da suka fi kowa nutsuwa. Ba ta da allo na biyu, jikinta ne allon. Takan ja lamba a katanga da farce, ɗige-ɗigen jikinta su ƙara girma. Ta ja wata, su jeru sahu-sahu. Ta ja ta uku, su watse su taru a wuya su zama fure mai kunne takwas. Na zauna baki buɗe, domin abin da nake ta fama in gina ke nan, ga shi yana tafiya da ƙafa biyu yana tsattsagar ƙasa.

"Wanda bai gani ba bai koya ba," in ji ta ga ajin. "Wanda kuma ya gani shi kaɗai, rabi ya gani. Ke ta tsakiya, kin gane?"

Tukunyar tsakiya ta yi shiru.

"Madalla." Ta juyo kaina. "Malam Tasi'u, an ce kai ma malami ne. Buɗe mu gani."

Na ƙara rungume ƙunshina. Na ce, "Saura kaɗan, Malama."

Ban rufe baki ba na ji garin ya motsa. Can ƙarshen titi, a saman katangar, akwai wata babbar lamba fara, wadda ban lura da ita ba sai a lokacin. Biyar ce, a kan idona ta koma huɗu. Gidajen da ke bakin gari ta gabas da ta yamma suka dushe, suka yi toka-toka, suka tafi. Mutanen cikinsu suka fito da tabarmi da tukwane a ka, suka matso tsakiya, ba kuka ba salati, da alama sun saba.

Na ce, "Malama, me ya faru?"

"Kai ka rubuta, kai za ka tambaya?"

"Ni ban taɓa alli ba."

"Baki ma alli ne." Ta gyara tabarau. "Ba a gaya maka a ƙofa ba? Garin nan a cikin idon mahaifinka yake zaune, na dama. Da muna da unguwa guda a na hagu, mai kyau, da rijiya. Bara aka tashe mu. Waccan lambar hasken da ya rage ne."

Na ce, "Amma ai kullum ina faɗin wannan maganar a gida, ban taɓa ganin komai ya ragu ba."

"A gidanku ma sauka take yi," in ji ta. "Can dai ba a nuna maka ne."

Na kwasa da gudu. Titin na ja da baya ina ja gaba, amma na isa. Na tarar da tsani jingine da katangar kamar an san zan zo. Na hau, na ciro alli daga aljihun da ban san ina da shi ba, na sa hannun riga na goge huɗun nan da ƙarfi, na rubuta ɗari. Allin ya zube ƙasa kamar gari. Huɗu na nan daram. Na sake, na rubuta hamsin, ko za a yi min ragi. Na rubuta goma. Har biyar na rubuta, ina roƙo a mayar min da wadda na ɓatar yanzun nan.

"Sauko, kada ka karya mana tsani," in ji wata murya a ƙasa.

Ƙadangaren nan ne na ƙofa, ya dai canja hula. Na sauko ina haki, na ce masa ai shi da bakinsa ya ce abin da aka rubuta shi ake gani.

"Haka ne. Duk lambobin garin nan na rubutawa ne, ban da wannan. Ita karanta ta ake yi."

"To wa ke rubuta ta?"

Ya ɗaga kai sama, ya sauke, ya ɗaga, ya sauke. Ban sani ba ko amsa ce ko ɗabi'arsu ce kawai. Sannan ya dubi ƙunshin da ke hammatata ya ce, "Ka kai masa?"

Wallahi ban yi niyya ba. Wata takwas bakina na faɗin abu ɗaya kowace safiya, ya riga ya san hanya, ba ya neman izinina. Na ji kaina ina cewa saura kaɗan. Huɗu ta koma uku. Kasuwa ta tafi, da barkonon matar nan da ke shanye. Ƙadangaren ya ɗauki tsaninsa ya saɓa a kafaɗa, ya ce za a buƙace shi a tsakiyar gari.

Daga nan sai na ga Gwaggo Kyallu, yayar Baba, zaune a gindin katanga ta miƙe ƙafa, da hula a gwiwa tana ɗinki. Shekara shida ke nan da rasuwarta, amma a mafarkin ban yi mamaki ba, na dai ji kunyar na daɗe ban zo gaishe ta ba. Ita ce ta ɗinka yawancin hulunan da suka yi wa Baba suna. A duk garin ita kaɗai ke aiki a hankali, allura ta shiga, ta fito, ta ja zare har ƙarshen hannu.

Na durƙusa. "Gwaggo, ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ka rame. Ba sa ba ka abinci a wurin kwamfutar?"

"Gwaggo, ke ba ki rubutu a katanga?"

"Ni ban koyi saurin nan nasu ba. Me ke cikin ƙyallen?"

Na toshe bakina da hannu. Ta cikin yatsu na yi mata bayani, cewa zanen Baba ne na sa a na'ura, komai ya yi, sai dai ƙeya ta ƙi haɗuwa, kuma ba zan iya kai wa mutumin da duniya ta san shi da haɗa ƙeya hula mai ɓaraka ba. Ta ajiye allura ta yi dariya har da tari.

"Ɗayyabun? Ƙanen nawa? Kai, yaro man..." Ta katse, ta share ido da gefen mayafi. "Zauna in gaya maka. Shekara goma na farko, babu zanen da ya aiko min da shi da ƙeyarsa ta haɗu. Ko ɗaya. Wani ɓarakar ɗan yatsa, wani har biyu. Ni nake cin zare ɗaya daga kowane gida, kaɗan-kaɗan, tun daga kunne, har bakin ya je ya gamu. In na gama bayan wata guda, in yafa mayafi in kai masa har zaure, in wanke shi tas a gaban abokansa. Ya yi ta dariya yana sosa kai, ya ce Yaya nuna min daidai wurin. In nuna masa. Na gaba ya zo da sauƙi. A haka hannunsa ya faɗa."

Na ce, "Bai taɓa gaya min ba."

"Ka taɓa tambayarsa? Shi wata guda yake jira kafin ya ji inda ya ɓata, kuma bai fasa aikowa ba. Kai an ba ka abin da ke nuna maka kuskurenka kafin ka ƙifta ido, ka shige ɗaki ka rufe ƙofa kai da shi, kuna kallon juna wata takwas. Me na'urar ta sani game da ƙeya? Tana da ita ne?"

Amma a cikin raina na ce, duk da haka, da zan samu daren yau kawai, da na gyara, ai saura kaɗan ne.

Uku ta koma biyu.

"Gwaggo, ban fa yi magana ba!"

"A nan na zuci ma fitowa yake," in ji ta, ta ɗauki allurarta. Duhun ya taho ta bayanta a hankali ya rufe kafaɗunta. Abin da na gani na ƙarshe hannunta ne yana jan zare. Na ji wata irin kewa da ban ji ba ko ranar da aka kai ta.

Sai ga zauren gidanmu a tsakiyar titi, shi kaɗai, ba gidan a bayansa. Garin duka ya tsuke ya dawo bai fi faɗin tsakar gida ba, zagayayye, duhu ta ko'ina. Mutanen gari sun cunkushe a ciki. Magini ya ɗora matarsa a kafaɗa, ita kuma ta ɗora tukunya a ka. Wanzami ya ninke rana gida huɗu ya sa a aljihun gaba don ta daina cin wuri. Kowa a tsaye da ƙafa ɗaya, ana ta ce wa juna sannu, yi haƙuri, matsa kaɗan.

Baba na zaune a kan buzunsa, da katakon zane a cinya, ba ƙyalle a kai. Ya ɗago.

"Tasi'u ne?"

"Ni ne, Baba."

"Ka zo da shi?"

Na cije leɓe har na ji gishiri. Na durƙusa na fara kwance ƙyallen. Na yaye shi, sai ga wani a ƙarƙashi. Na yaye wannan, ga wani. Kowanne da sunan wata ɗaya na kalanda a jikinsa, kuma rubutun hannuna ne, ba na kowa ba. Na yi ta yayewa ina jefarwa, ungozoma na karɓa tana ninkewa, har guda takwas. Na buɗe kwamfutar. Allon ya kawo haske, rubutu a hagu, hula a dama tana juyawa, ga goshi, ga kunne, kyakkyawa kamar a sa a tafi ɗaurin aure. Sai ƙeya ta zagayo, da 'yar ɓarakarta.

Hannuna da kansa ya tafi kan madanni. Na ga wata talatin da shida a layi na tara, na ce ai ga ta nan, ita ce. Na mai da ita talatin da bakwai. Ɓarakar ta bar ƙeya ta dawo goshi. Na mai da ita talatin da biyar, ta fita daga allon ta hau bangon zaure. Na ƙara ɗigo da rabi, ta sauko ta ratsa ƙasa, siririya, faɗin ɗan yatsa, ta bi daidai tsakanin gwiwata da buzun Baba. Duk abin da na taɓa ina ganin sakamakonsa a take, kuma daɗin hakan ne ya riƙe ni, domin kowane canji sai ya ce min na gaba ne zai yi. Ban ji lokacin da biyu ta zama ɗaya ba. Na dai ga hasken ya dawo bai fi bakin kofi ba, kuma a cikinsa babu komai sai fuskar Baba da bayan kwamfutata.

"Tasi'u," in ji shi, a hankali, ba faɗa. "Juyo min da shi mana. Kai kaɗai kake kallo."

Sai a lokacin na lura tun da na buɗe ta, ni take fuskanta. Shi murfin kawai yake gani.

Na kama ta zan juya, ta ƙi. Ta yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na sa kafaɗa. Magini ya sauke matarsa ya kama gefe ɗaya, wanzami ya kama ɗayan, zabuwa ta cire tabarau ta sa ƙirji, ƙadangare ya zura tsaninsa a ƙarƙashi yana dannawa. Har tukwanen nan uku suka gangaro suka jingina. Ta fara juyawa kaɗan-kaɗan, tana ƙara. Hasken allon ya taɓa kafaɗar Baba, ya hau gemunsa. Na ga ya matso da fuska, ya ware idon dama iya ƙarfinsa. Bakin kofin nan ya dawo bakin kwalba. Ina ihu ina cewa ku tura, don girman Allah ku tura.

Sai na ji ƙwararrab, da ƙarar ruwa na zuba.

Na ɗago kaina daga tebur, da shatin madanni a kumatuna. Rana na nan tsaye a taga, ko la'asar ba a kira ba. Kwamfutar na kunne, hula na ta juyawa ita kaɗai. A tsakar gida wani abu na gangarawa a kan siminti, ya je ya bugi bango ya tsaya.

Na ji muryar Baba yana cewa, "Wa ya ajiye buta a kan hanya?"

Na leƙa. Butarsa ce ta alwala, kuma ba a kan hanya take ba. A gindin ginshiƙin rumfa take, inda shi da kansa yake ajiye ta tun ina yaro. Yana tsaye cikin rana tsaka, ruwa na bin ƙarƙashin takalminsa, ya miƙa hannu ɗaya yana laluben ginshiƙin da ke daf da kafaɗarsa.

Ban gyara komai ba. Ban ko rufe kwamfutar ba, na zare wayar caji na ɗauko ta a buɗe, na juya allon waje tun daga ɗaki, na fito ba takalmi. Na tsaya taku uku a gabansa. Ya juyo da fuska wajen motsina, ya wuce ni da kallo, ya dawo.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba. Na kawo abin. Amma ƙeyar ba ta haɗu ba."

Hannunsa ya samu ginshiƙin, ya bi shi a hankali ya zauna a kan dakali, ya share jiƙaƙƙen tafinsa a jikin riga.

"To zagayo ta nan," in ji shi, yana buga dakalin ta hannun damansa. "Wannan ne mai sauran aiki. Matso da shi kusa, ka fara nuna min ƙeyar."